Ƙwayar staf a asibiti: yadda ta daina jin allura har ta fara raina maganin wanki

Kwana shida da yi wa yayata tiyatar haihuwa, ɗinkin ya fara ruwa. Da fari ɗan ja ne a gefe guda, sai kumburi, sai zazzaɓin dare mai sa haƙora kaɗawa. Ranar ta takwas nas ta ɗaga filasta, mugunya ta biyo audugar, mai kauri, launin ruwan ƙwai. Aka rubuta kafso, ciwo bai san ana yi ba. Aka koma allurar jijiya safe da yamma har kwana biyar, nan ma shiru. Sai a lokacin aka ɗebi mugunyar a kan tsinken auduga aka aike ni ɗakin gwaji da ita. Bayan kwana uku na karɓo takardar. A sama an rubuta sunan ƙwayar, Staphylococcus aureus, wadda ake taƙaitawa da staf, a ƙasa kuma jerin magunguna, kowanne da harafi ɗaya a gabansa. R, R, R, R, haka suka jeru har kusan ƙarshen takarda, sai can ƙasa na ga S guda biyu. Na kai wa likita, ya duba, ya ce, "Malam, duk inda ka ga R ɗin nan, ƙwayar ba ta jin maganin. Wanda muka yi ta ba ta yana cikinsu."

Tun daga ranar nake bibiyar labarin wannan ƙwaya, kuma abin da na fahimta ya sha bamban da abin da ake faɗa a tasha. Wanda duk ya taɓa shiga mota a garuruwanmu ya ji mai maganin gargajiya da lasifika yana lissafa laifukan "staf": ita ce ciwon sanyi, ita ce rashin haihuwa, ita ce raunin mazakuta, ita ce abin da ke yawo a jiki kamar tsutsa. Galibin wannan talla ce. Staf ba ta cikin cututtukan da likitoci ke lissafawa a matsayin na saduwa. Mazauniyar fata ce da cikin hanci, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa idan aka ɗebi samfuri ba a kula ba, sai ta biyo daga fata ta fito a gwaji, a tsorata mace da takarda, a ɗora ta kan allurar da ba ta bukata. Inda staf ke kisa da gaske, can ne ba a yi mata talla: kan gadon asibiti.

Dalilin kuwa a fili yake. Fata ganuwa ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gida tsagewar ƙarama ce, shi ya sa abin kan tsaya a maruru, ko hazbiya, ko ɗan karkare a yatsa. A asibiti mu da kanmu muke fasa ganuwar don neman lafiya: wuƙar tiyata, robar ƙarin ruwa da ke kwana uku a jijiya, bututun wankin ƙoda, ƙarfen da aka ɗaure karaya da shi, cibiyar jariri da ba ta warke ba, fatar wanda ya ƙone, gyambon mai ciwon suga. Idan ta samu ƙofa ta faɗa jini, tana iya sauka a ƙashi, ko huhu, ko ƙofofin zuciya. Kafin zuwan penisilin, cikin mutum goma da staf ta shiga jininsu, kusan takwas ba sa tashi.

Wani likitan tiyata ne a Abadin ta ƙasar Sukotlan, Alexander Ogston, ya fara bayyana ta a 1880, ya hango ta a mugunya ta madubin ƙara girma, dunƙule kamar nonon inabi. A 1884 Bajamushe Rosenbach ya ƙara mata laƙabin "aureus", wato mai ruwan zinare, saboda launin da take yi idan an shuka ta. Kuma a kan farantin wannan ƙwayar ce Alexander Fleming ya ga fumfuna ta faɗa a 1928 a Landan, ta kashe duk staf ɗin da ke kewaye da ita. Daga nan penisilin ya samo asali. Wato magani da cutar tare suka shigo tarihi, kuma tun lokacin ake ta tsere.

Yadda penisilin ke aiki abu ne da duk wanda ya taɓa ganin ana gini zai gane. Kowace ƙwayar staf tana da katanga da ke riƙe ta, kuma tana da magina a jikinta masu ɗaure tubalan katangar duk lokacin da za ta rabu biyu. Penisilin yakan je ya maƙale wa maginan, gini ya tsaya, ƙwayar ta fashe. Martanin staf na farko shi ne wani sinadari mai aikin almakashi, wanda ke datse penisilin tun kafin ya isa wurin magini. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a Disambar 1945, cewa ranar da kowa zai iya sayen penisilin a kanti, wanda bai sani ba zai sha ƙasa da ƙima, ya bar ƙwayoyin da rai, su zama ba sa jin maganin. Ba a daɗe ba. Wata likita a Landan, Mary Barber, ta nuna cewa kafin ƙarshen 1948 fiye da rabin staf ɗin da ake samu a majinyatan asibitinta sun daina jin penisilin.

Sai masana suka ƙera metisilin, wanda almakashin ba ya iya datsewa, aka fito da shi a Ingila a 1959. A 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton staf ɗin da shi ma ba ta jinsa. Wannan karon ƙwayar ba ta damu da datse maganin ba, sabon magini ta ɗauko. Wani guntun gado, wato abin halitta da ƙwaya ke gada daga wadda ta haife ta, da ake kira mecA shi ke ba ta wannan magini, wanda penisilin da danginsa ba sa iya kama hannunsa. Ita ce ake kira MRSA. Kuma nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, domin dangin penisilin su ne kusan duk abin da muka sani a kemis: amfisilin, amoksisilin, kuloksasilin da ke cikin Ampiclox, Augmentin, har da seftiriyazon, allurar nan da ake yi wa kowa a yau kamar ruwan sha. Idan ƙwaya ta zama MRSA, duk waɗannan sun tashi aiki a lokaci guda. Abin da ya sami yayata ke nan.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata a gyara a nan, don ina yawan jin mutane na cewa "jikina ya saba da maganin". Jikin mutum ba ya sabawa da irin wannan magani. Ƙwayar ce ke canzawa, kuma ba koyo take yi kamar ɗalibi ba. A cikin miliyoyin ƙwayoyi, akan samu 'yan kaɗan da tun asali suna da abin kariya. Idan magani ya zo ya share raunana, sai fili ya zama na waɗannan 'yan kaɗan, su kuwa kowane rabin awa suna iya ninkawa. Kamar manomin da ya yi feshi ya kashe duk ciyawa ban da iri ɗaya. Baɗi gonar ta wannan irin ce. Binciken gadon ƙwayoyin da aka adana ya nuna a 2017 cewa MRSA ta farko ta ɓullo tun tsakiyar shekarun 1940, kafin a ƙera metisilin da fiye da shekara goma. Yawan amfani da penisilin ne ya share mata hanya. Wani binciken na 2022 ya ƙara ba ni mamaki: an gano wani nau'in MRSA a jikin bushiya a ƙasashen Turai, wanda ya samo asali tun ƙarni na 19. Akwai fumfunar da ke zaune a fatar bushiya tana fitar da sinadari ɗan'uwan penisilin, staf ɗin da ke zaune tare da ita kuwa dole ta nemi kariya. Makamin ya daɗe a daji. Mu ne muka mayar da shi abin da ake bukata a kowane ɗakin jinya.

Bayan MRSA sai aka jingina da bankomaisin, tsohon magani da aka samo daga ƙasar dajin Borniyo aka fara amfani da shi a 1958. Ta jijiya ake ba da shi, a hankali, yana da tsada, kuma yana iya taɓa ƙoda, don haka yana son a riƙa auna jini. A 1996 aka samu staf a Japan da ta kaurara katangarta har maganin ke maƙalewa a hanya. A 2002 a jihar Mishigan ta Amurka aka samu wadda ba ta jinsa sam, a jikin mai ciwon suga da ake wa wankin ƙoda. Ta aro kariyar ne daga wata ƙwayar hanji dabam. Alhamdu lillahi irin wannan ta ƙarshe har yanzu ba ta yawaita ba. Akwai sababbin magunguna kamar linezolid da daftomaisin, amma wanda ya sayar da akuya ya biya kuɗin tiyata, ina zai gan su?

Adadin ma ba ƙarami ba ne. Babban binciken da mujallar Lancet ta wallafa a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, MRSA kaɗai ta ɗauki sama da 100,000. Yankin da mutuwar ta fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, kusan mutum 27 cikin kowane 100,000.

Wannan rabin labarin ke nan, kuma shi aka fi sani. Ɗaya rabin na gan shi ne da asuba, a ɗakin da yayata ke kwance. Wata dattijuwa mai shara takan shigo bayan sallah da bokiti da tsumman goge ƙasa. Ta buɗe galan, ta tsiyaya maganin wanki a murfi, rabin murfi ma, ta zuba a bokiti cike da ruwa. Ruwan ya ɗan yi fari-fari, ƙamshin asibiti ya tashi. Da wannan bokiti ɗaya za ta goge ɗakin tun daga ƙofa har ƙarshe, ƙarƙashin gado goma sha biyu, inda masu jinya suka kwana da tabarmi da kwanukan abinci, kafin ta kai gado na ƙarshe ruwan ya koma launin kunun kanwa. Wata rana na ce mata, "Inna, wannan ɗan maganin zai isa kuwa?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, galan ɗaya ake ba ni a wata, ɗaki huɗu nake sharewa. In na zuba yadda aka rubuta, sati ɗaya ya ƙare." Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Amma ƙamshin nan da farin ruwan, ganin kitse muke wa rogo.

Maganin wanki da na goge fata sun bambanta da na sha. Maganin sha maharbi ne mai saiti ɗaya, yana neman wuri guda a jikin ƙwaya, shi ya sa canji ɗaya ke isar ta tsira. Na wanki kuwa kamar gobara yake, yana cin fatar ƙwayar da kayan cikinta ta ko'ina. Don haka aka daɗe ana ganin ba yadda za a yi ƙwaya ta bijire masa. Ashe akwai ɗan abin da take iyawa. Wasu staf suna ɗauke da guntayen gado da ake kira qacA da qacB, masu ƙera mata wani famfo a jikin fatarta. Duk lokacin da maganin ya fara shiga, famfon ya kwarfo shi waje, kamar mai kwale-kwale yana kwarfe ruwa da ƙwarya. Abin da famfon ke fitarwa ya haɗa da kulohekzidin, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1950, kuma shi ne yau ake goge fata da shi kafin tiyata, yana cikin Savlon, shi ne kuma ake shafa wa cibiyar jarirai. Ya haɗa da setirimaid da benzalkoniyom, waɗanda ke cikin magungunan goge gado da tebur da dama.

A nan sai an yi adalci, don kada a tsorata mutane su bar abin da ke cetonsu. Ƙwarya tana kwarfe yoyo, ba ta kwarfe ambaliya. Staf mai famfo tana jure kulohekzidin ne a ɗan ƙaramin ma'auni, ƙasa da miligiram 10 a lita galibi, alhali ruwan da ake goge fata da shi mai kashi 2 cikin ɗari yana ɗauke da miligiram 20,000 a lita. Idan aka yi amfani da shi da cikakken ƙarfinsa, aka bar shi ya bushe, mai famfo da marar famfo duk mutuwa suke. Shi ya sa masana da yawa ba sa kiran abin bijirewa, sun fi kiransa juriya. Kulohekzidin ɗin cibiya, wanda jihar Sakkwato na cikin na farko da suka rungume shi a Najeriya, yana ceton jarirai, kuma babu hujjar barinsa a koma toka ko man goge baki.

Matsalar tana inda ƙarfin maganin ya faɗi. A bokitin da aka tsinka. A ragowar da ke kwana a fata bayan awanni, tana raguwa sannu a hankali. A kwalbar da ba a taɓa wankewa, sai dai a ƙara sabo a kan tsoho. A wurin da jini ko mugunya ko ƙura suka sha maganin kafin ya kai ga ƙwaya. A cikin yauƙin da staf ke ginawa a jikin roba da ƙarfe, irin gansakukar da ke kama cikin randa, inda ƙwayoyi ke lafewa a ƙarƙashi magani ya tsaya a sama. A duk waɗannan wurare, abin da ke isa ga ƙwayar bai kai ya kashe mai famfo ba, amma ya isa ya kashe marar famfo. Tacewa ce dai irin ta rabin kafso. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda famfon ke zaune. Ƙwayoyin bakteriya suna da wasu ƙananan zobban gado da suke miƙa wa juna kamar aron kaya tsakanin maƙwabta. An samu zobe ɗaya a staf ɗin asibiti yana ɗauke da qacA tare da kariya daga jentamaisin da kuma tirimetofirim, wanda shi ne rabin Septrin. Ma'ana, idan tsinkakken maganin wanki ya zaɓi ƙwaya mai famfo ya bar ta da rai, ya bar mai kariya daga allura ke nan ba tare da an yi wa kowa allura ba. Mai shara da mai rubuta magani, ba su sani ba, gona ɗaya suke nomawa.

An ga alamar haka a aikace. A ɗakin kulawa ta musamman na asibitin St Thomas' da ke Landan, an shiga wanke majinyata da kulohekzidin don rage yaɗuwar MRSA. Rahoton da aka fitar a 2010 ya nuna yawancin nau'o'in sun ragu sosai, ban da wani nau'i guda mai ɗauke da famfon, wanda wankin bai rage shi ba. A Janiba ta Suwizalan, wani bincike na 2011 ya nuna cewa majinyatan da MRSA ɗinsu ke da famfon, kuma ta fara jure mufirosin, man da ake shafawa a hanci don korar ƙwayar, sun fi saura ci gaba da ɗauke da ita bayan an yi musu wankin. Shi kansa mufirosin darasi ne: a Niyuzilan an bar shi ana saye ba takardar likita daga 1991, kafin 1999 kusan kashi 28 cikin ɗari na staf ɗin da ake gwadawa ba sa jinsa, dole aka mayar da shi hannun likita a 2000. A ɗaya ɓangaren kuma, gwajin da aka yi a asibitoci 43 na Amurka aka wallafa a 2013 ya nuna cewa wanke duk majinyatan ɗakin kulawa ta musamman da kulohekzidin tare da shafa mufirosin ya rage samun MRSA da kashi 37, ya rage shigar ƙwayoyi cikin jini da kashi 44. Makamin yana aiki. Yana son a riƙa lura da shi ne, kada a wayi gari ya dakushe ba a sani ba.

Ni a ganina, mu a nan ba mu ma kai ga wannan muhawarar ba. Tambayar da ke gabanmu ta fi sauƙi kuma ta fi zafi: ta yaya ƙwayar ke tashi daga gado na uku ta isa gado na tara? Ba tashi take kamar sauro ba. Hannu ke kai ta. Hannun likita, na nas, na ɗalibi, na mai jinya da ya gyara wa mara lafiyarsa filasta sannan ya taimaka wa maƙwabci ya tashi zaune, don mu mutane ne masu zumunci ko a asibiti. Tana bin abin awon jini da ake ɗaura wa kowa, da abin sauraren ƙirji, da wayar hannu, da almakashin da ke yawo a kan keken wankin ciwo. Tana iya yin makonni a busasshen wuri ba ta mutu ba. Na ga an sa safar hannu ɗaya an wanke ciwon mutum uku a jere. Safar ta kare mai wankin, ta kuma yi wa ƙwayar dako.

Maganin wannan an san shi tun 1847, lokacin da wani likita, Semmelweis, a Biyana ta ƙasar Ostiriya ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, mutuwar masu jego ta faɗi warwas. A asibitin jami'ar Janiba, tsakanin 1994 da 1997, an sa ruwan sifirit na goge hannu kusa da gado da aljihun ma'aikata, tsaftace hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66, yaɗuwar MRSA ta ragu da fiye da rabi. A Ingila an ƙirga kusan mutum 7,700 da MRSA ta shiga jininsu a shekarar 2003 zuwa 2004. Bayan shekara goma na dagewa kan tsaftar hannu, kula da robar jijiya, da gwajin masu shigowa, adadin ya koma ƙasa da 1,000. Ba sabon magani ne ya yi wannan aikin ba. Kuma abin daɗin ji shi ne, sifirit mai ƙarfin kashi 60 zuwa 80 yana kashe MRSA kamar yadda yake kashe kowace staf, famfon nan ba ya aiki a kansa, daƙiƙa 20 zuwa 30 kawai yake bukata. Haka ruwan bilic idan an haɗa shi daidai, sabo kowace rana, bayan an fara wanke dattin da sabulu.

Sai dai rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin wuraren kiwon lafiya a duniya ba su da cikakken tanadin tsaftace hannu, a inda ake duba mara lafiya da kuma bayan gida. Ba sai an faɗa mana wane rabin muke ciki ba. A ɗakin yayata famfo ɗaya ne, kuma ya fi kwana bushe. Ba za ka ce wa nas mai gado talatin ita kaɗai da dare ta wanke hannu sau ɗari ba, alhali ruwan ma sai mai jinya ya sayo a jarka. Najeriya tana da tsarin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyi tun 2017 a ƙarƙashin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, an kuma sabunta shi a 2024. Ina maraba da shi. Amma ma'aunin da zan auna shi da shi, shi ne ko galan ɗin Inna ya zama huɗu, ko akwai kwalbar sifirit a gindin kowane gado, ko ɗakin gwajin ƙaramin asibiti yana da ɗan faifan sefoksitin da ake gane MRSA da shi.

Mu ma da ke wajen asibiti muna da hannu dumu-dumu. Kafin mara lafiya ya isa gado, sau da yawa ya riga ya sha ja-da-baƙi guda huɗu daga mai tallan magani a faranti, ya sha Ampiclox bayan aski ko bayan haihuwa "don kada ciwo ya yi ruwa", an ɗiga wa jariri na ruwa tun ranar suna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tace staf ɗin da ke hancinsa, ya bar masu taurin kai. Ranar da za a yi masa tiyata, da su zai shiga ɗakin. Ga shi kuma staf ɗin yankinmu da yawa tana ɗauke da wani dafi mai fasa fararen ƙwayoyin jini, abin da ya sa manyan marurai da ƙurajin cikin tsoka suka yawaita a nan, kuma da yawanta sun riga sun daina jin Septrin da tetirasaikilin, waɗanda a wasu ƙasashen su ne madogara mai araha. Shi maruru ma, idan ya nuna, babban maganinsa a fasa shi a asibiti a fitar da mugunyar. Kafso ba ya shiga tsakiyar mugunya da kyau.

Abin da na koya a zaman jinyar nan, wanda nake faɗa wa duk wanda zai kwana da mara lafiya: idan ciwo ya yi ruwa, a roƙi a ɗebi samfuri kafin a fara sabon magani, domin kwana uku na jiran sakamako sun fi mako biyu na harbi a duhu araha. A riƙa duba inda robar ƙarin ruwa ta shiga. In wurin ya yi ja ko zafi a faɗa nan take, in kuma an daina amfani da ita a tambaya ko za a cire. A riƙe ƙaramar kwalbar sifirit, a goge hannu kafin a taɓa mara lafiya da bayan an taɓa. 'Yan dubiya su yi addu'a daga tsaye, ba sai an zauna a bakin gado an ɗaga zane a ga ɗinki ba. Wanda aka rubuta wa magani ya sha yadda aka ce, a kan lokaci, kada ya raba da wani, kada ya ajiye saura don gaba.

Yayata ta yi kwana ashirin da uku. Aka buɗe ɗinkin aka wanke, aka bar shi yana cikowa daga ƙasa, aka ɗora ta kan ɗaya daga cikin magunguna biyun nan masu S. Akwai wata nas da ke aikin dare, wadda kullum da 'yar kwalbar sifirit a aljihun rigarta, da kuɗinta take saye. Kafin ta taɓa kowa sai ta tsiyaya a tafi, ta murza har tsakanin yatsu, ta jira ya bushe. Yayata takan ce in dai Sista ce za ta wanke mata ciwon, barci take yi da daɗi. Ranar da aka sallame mu, matar da ke gado na kusa da namu, wadda aka yi wa tiyata mako guda bayan tamu, nata ɗinkin ya fara ja a gefe.